Ina yi wa maigida komai, amma hannunsa ya ƙi dawowa

Assalamu alaikum. Maigidana tela ne, shekararsa 57. Wata huɗu ke nan da ya samu shanyewar ɓarin jiki na dama, likitoci suka ce jijiyar jini ce ta toshe a ƙwaƙwalwarsa, kuma dama yana fama da hawan jini. Alhamdulillahi ƙafar ta dawo, yana takawa da sanda, maganar ma ta warware. Hannun ne ya ƙi. Yana ɗan ɗaga kafaɗa, yana dunƙule yatsu, buɗe su ne aiki, sai dai babban yatsa da manuni sukan motsa in ya dage. Ni nake ba shi abinci a baki, ni nake sa masa riga in ɓalla maɓalli, don ba na son ya wahala. Babban ɗansa, wanda ba ni na haifa ba, ya ce ni nake shagwaɓa shi. In ya zo sai ya kama hannun ya yi ta ja yana ɗagawa sama har uban ya yi ƙara, har igiya ya rataya a saman ƙofa wai a riƙa jan hannun da ita. Yanzu kafaɗar ciwo take masa, ko kwanciya a kanta ba ya iyawa. Muna zuwa gashin ƙashi sau biyu a mako, amma a gida ya daina taɓa komai, in na yi magana ya ce a ƙyale shi, ai ya riga ya zama kaya. Rannan na leƙa na same shi shi kaɗai yana ƙoƙarin ɗaukar tef ɗin awo da hannun, yana ganina ya janye. An ce mana in aka cika wata shida hannu bai dawo ba, shi ke nan. Saura wata biyu. Na gaji, ba na barci, ga rigima da yaron. Ni ce nake cutar da shi ko ɗansa? Ina mafita?

Daga wata 'yar'uwa, an sakaya sunanta.

Wa'alaikumussalam 'yar'uwa. Sannu da jinya, Allah Ya ba maigida lafiya, ke kuma Ya biya ki. Kafin mu je kan wa ke da laifi, bari in nuna miki abin farin ciki da kika rubuta da hannunki ba tare da kin lura da nauyinsa ba: babban yatsa da manuni suna motsi, kafaɗa tana ɗaguwa. Waɗannan motsi biyu, buɗe yatsu da ɗaga kafaɗa gefe, su ne masu gashin ƙashi suke fara dubawa in suna son hasashen makomar hannu, domin suna nuna cewa hanyar da saƙo ke bi daga ƙwaƙwalwa zuwa yatsu ba ta yanke gaba ɗaya ba. Ba na miki alkawarin zai koma zura zare a allura kamar da. Amma hannun da yake motsi haka yana da abin da za a ɗora a kai.

Ciwon ba a hannu yake ba, kuma rashin gane wannan shi ne tushen rigimar gidanku. Tsokar hannunsa lafiyarta ƙalau ranar da abin ya faru, ƙashinsa ma haka. Abin da ya lalace wani yanki ne a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa, wanda shi ke juya ɓarin dama na jiki. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da suka mutu ba sa dawowa, amma maƙwabtansu suna iya koyon aikin da suka bari. Kamar hanyar ƙafa ce a cikin ciyawa: in babban titi ya rufe, sai an yi ta bi ta wuri guda kafin sabuwar turba ta fito, kuma in aka daina bi ciyawa ta rufe ta. Wanda zai bi turbar nan shi ne maigida da kansa. Dole niyyar motsin ta taso daga kansa, ya aika saƙon, ya ga abin da hannun ya yi, ya gyara, ya sake. Tausa tana da daɗi, tana rage tauri na ɗan lokaci, amma ba ta koya wa ƙwaƙwalwa riƙe kofi. Jan hannu da ƙarfin wani ma haka.

To ga inda maganar ta taɓa ki, kuma ki yi haƙuri da ni. Wani masani ɗan Amurka, Edward Taub, ya daɗe da nuna cewa mai shanyewar jiki yakan koyi barin hannunsa. A makonnin farko ya gwada ya kasa, ya sake gwadawa ya zubar da ruwa, sai ya koma ga hannu mai lafiya da yake biya masa buƙata nan take. Daga baya ƙarfi ya fara dawowa, amma ɗabi'ar ta riga ta zauna, hannun yana nan a cinya ba mai tambayarsa komai. Shi ya sa sau da yawa ƙafa take riga hannu dawowa. Ba a tafiya da ƙafa ɗaya, dole a taka ta ko ana so ko ba a so. Hannu kuwa yana da mataimaki, wato na hagu. Maigidanki mataimaka biyu gare shi, hannun hagunsa da ke. Duk lomar da kika kai masa baki da duk maɓallin da kika ɓalla, wata dama ce ta wuce hannun dama. Ba mugunta kika yi ba, a satin farko ma abin da ya dace ke nan. Lokacinsa ne ya wuce.

Ba cewa nake ki janye hannunki gobe da safe ki bar shi da riga a wuya ba. A hankali za ki riƙa ja da baya. Ki zura maɓallin rabi a rami, shi ya ƙarasa. Ki ajiye kofin roba mara nauyi, ruwa kaɗan a ciki, ya rungume shi da hannu biyu ya kai baki. Abinci ya ci da kansa ko da da hagu ne a yanzu, hannun dama kuma ya hau tebur ya dafe kwano, kada ya ɓuya a ƙarƙashi. Zai ɗauki minti biyar a abin da kike gamawa cikin daƙiƙa goma, za ki ga goshinsa yana tsattsafo da gumi, yatsun suna rawa a bakin maɓalli, zuciyarki tana ce miki ki karɓa. Nan ne jinyar take da wuya. Ki haɗe hannuwanki a baya, ki jira sai ya nemi taimako. Abu mai zafi da abu mai kaifi ne kawai ba a gwaji da su, domin mai yiwuwa jin hannun ya ragu, ya ƙone bai sani ba. Saboda wannan dalilin ma kada a gasa masa hannu da ruwa mai zafi sosai.

Shi kuma yaron, ya yi gaskiya da ya ce hannun yana buƙatar aiki, amma hanyar da ya bi garin neman gira za a rasa ido. Kafaɗa gaɓa ce mai sako-sako, tsoka ce take riƙe kan ƙashin dantse a gurbinsa. In tsokar ta yi rauni, nauyin hannun kaɗai yana iya janyo ƙashin ƙasa, har ki sa yatsa ki ji rami a saman kafaɗar. Hannun da yake haka in aka fizge shi sama, ƙashi yana matse jijiyoyi da naman da ke tsakani, su kumbura ko su yage. Igiyar saman ƙofa irin wannan ɓarnar take yi, shi ya sa ƙa'idojin kula da masu shanyewar jiki suka hana amfani da ita. A kwance ta yau. Kada kowa ya ɗaga masa hannu ya wuce daidai kafaɗa sai wanda mai gashi ya koya wa yadda ake tallafe allon kafaɗa a juya dantse tukuna. Kada a kama hannun don tayar da shi daga zaune, a tallafe shi ta ƙugu. In yana zaune hannun ya huta a kan matashi ko tebur, kada ya yi ta reto. Wajen sa riga hannu mai ciwo ake fara zurawa, wajen cirewa shi ne na ƙarshe. Ciwon da ya riga ya samu kuma a kai wa likita a wannan makon, musamman in bayan hannun ya kumbura ko fatar ta canza launi. Ina kyautata zaton rabin ƙin motsa jikin da maigida yake yi daga nan ya samo asali. Wanda aka sa ya yi ƙara sau uku da sunan atisaye, in ya ji an ambaci atisaye dole ya juya baya.

Sai dai ban ba ki shawarar ki tari yaron da wannan bayani da bakinki ba. Yadda kuke yanzu, duk abin da ya fito daga gare ki zai ji shi a matsayin matar uba tana kare kanta. Ki tuna shi ma tsoro ne yake cinsa. Mutumin da ya tashi yana gani a kan keken ɗinki, mai ƙarfi, mai ba da umarni, yau ana ba shi abinci a baki. Wasu 'ya'yan kuka suke yi, wasu kuma sai su huce a kan hannun. Ki roƙe shi ya raka ku gashi, ki ce kina son ya ji daga bakin masu aikin, kuma kina buƙatar taimakonsa. Ki faɗa masa a fili cewa ya yi gaskiya a kan cewa kina yi wa Baba abin da ya kamata ya yi da kansa, kuma za ki rage. Wannan kalma ɗaya za ta sauke masa fushi fiye da doguwar muhawara. Daga nan mai gashi ya nuna masa ramin kafaɗar da idonsa, ya ba shi aikin da ya dace da zafin namansa: shi ne mai ƙirge, mai riƙe littafi, mai zaman atisayen yamma. Ƙarfinsa abin amfani ne in aka juya shi daga jan hannu zuwa naci.

Naci kuwa shi ne maganin, kuma yawansa ya fi yadda mutane suke zato. A 2009 wata masaniya a Amurka, Catherine Lang, ita da abokan aikinta sun zauna suna ƙirga sau nawa majinyaci yake maimaita aikin hannu a zaman gashi guda. Suka samu kusan sau 32. A gwaje-gwajen dabbobi kuwa, inda aka ga ƙwaƙwalwa ta sake tsari, maimaicin yakan kai 400 zuwa 600 a rana. Ƙa'idar Birtaniya ta 2023 ta ce wanda zai iya jurewa a ba shi aƙalla awa 3 na horo a rana, kwana 5 a mako. Kin ga zuwa sau biyu a mako ba zai ɗauki nauyin nan ba, ko a ina ne. Wurin mai gashi wurin koyo ne da gyara, ainihin aikin a gida yake. A Kanada ma an tsara wani shiri mai suna GRASP don wannan, littafi ne mai hotuna da majinyaci yake bi da kansa kamar awa guda a rana, ki tambayi mai gashinku ko ya san shi.

Ku fara da zama uku a rana, kowanne minti ashirin, a lokacin da ya fi kuzari. Ya zauna a kujera mai jingina, ƙafafu a ƙasa, tebur a gabansa. Ya ɗora hannun a kan tawul ya tura gaba ya dawo, ya share tebur dama da hagu. Ya kama kofi, ya matsar, ya sake shi. Sakin nan ki sa masa ido sosai, don shi ne abin da ya rasa. Mutane suna son ba majinyaci ƙwallo ya yi ta matsawa, ba laifi ba ne, amma maigida ya riga ya iya dunƙulewa, buɗewa yake nema. Tunda tela ne, kayan aikinsa sun fi kowane abin wasa: ya shimfiɗa yadi ya lallatse shi da tafin dama, ya dafe bakin tef da babban yatsa hagu tana ja, ya ninke ƙyalle, ya tsinci manyan maɓallai yana jefawa a kwano, in an kwana biyu a koma ƙanana. Aikin ya zama wanda yake iyawa da ƙyar. In yana yi ba wahala a ƙara masa nisa ko a rage girman abin, in yana kasawa kowane lokaci a sauƙaƙa. Ki lura kada ya riƙa tura ƙirji gaba ko ɗage kafaɗa zuwa kunne maimakon miƙa gwiwar hannu, domin jiki yana da wayon neman hanya mai sauƙi. Gajiyar tsoka ba komai, ciwo mai suka kuwa alamar a tsaya ce. A rubuta adadin kullum a littafi, a ɗauki ɗan bidiyo da waya duk mako yana yin aiki iri ɗaya. Sauƙin hannu a hankali yake zuwa, wanda yake gani kullum ba ya lura, amma in aka jera bidiyon makon farko da na shida shi kansa zai gani.

Akwai wasu dabaru da za ki tattauna da mai gashi. Ɗaya ita ce wadda ta fito daga aikin Taub, a sa wa hannu mai lafiya safa mai kauri don a tilasta amfani da mai rauni. A babban gwajin da aka wallafa a Amurka a 2006, mutum 222 da suka yi wata 3 zuwa 9 da ciwon, waɗanda aka yi wa haka na mako biyu, da horo har awa 6 a rana, sun fi sauran samun amfanin hannu, kuma bambancin yana nan bayan shekara. Ana yin mai sauƙinta ta 'yan awoyi a rana. Sharaɗinta mutum ya iya ɗan ɗaga wuyan hannu da buɗe yatsu, don haka sai an auna shi. Tunda kuma da hagu yake riƙe sanda, a zaune kawai za a sa safar, kada ya faɗi. Ta biyu madubi ne: a tsayar da shi a tsakiyar tebur, hannun dama a ɓoye a bayansa, ya riƙa buɗe na hagu yana kallon hotonsa kamar na dama ne yake motsi. Ba ta da tsada, ba ta da haɗari, kuma bincike ya nuna tana taimakawa a matsayin ƙari. Akwai na'urar da ke ba tsoka ɗan lantarki don taimaka wa buɗe yatsu. In kuma tauri ya yi yawa har yatsu suna nutsewa a tafi, likita yana iya yin allurar Botox, wadda take sassauta tsoka na kamar wata uku. Kada ki damu da injinan zamani da kike gani a intanet. Wani gwaji a Birtaniya a 2019 da mutum 770 ya nuna horo da mutum-mutumi bai fi kulawar da aka saba ba wajen dawo da aikin hannu. Kuma duk wanda ya zo muku da kwalba ya ce za ta tayar da hannu cikin mako, ku riƙe kuɗinku.

Maganar wata shida tana da tushe, amma an miƙa ta ta wuce inda ta tsaya. Gaskiya ne sauƙi ya fi gudu a wata ukun farko, daga nan ya rage sauri, don haka watanni biyun nan masu daraja ne, kada a ɓata su a rigima. Amma ba ƙofa ba ce da ake rufewa. A wani asibiti da ke Queen Square a Landan an ba mutum 224 horon hannu na awa 90 cikin mako uku, kusan rabinsu sun haura wata 18 da samun ciwon, kuma rahoton 2019 ya nuna sun samu ci gaba na a zo a gani, wanda ya ɗore bayan wata shida. Ki cire wannan ƙirgen kwanaki daga ranki, kuma kada a riƙa yin sa a gaban maigida.

Kalmar nan da ya faɗa, cewa ya zama kaya, ita ta fi tsaya mini. Kusan mutum ɗaya cikin uku da suka samu shanyewar jiki suna faɗawa ciwon damuwa, wani ɓangare saboda halin da suka shiga, wani ɓangare saboda raunin ƙwaƙwalwar kanta. Ga kuma wata irin kasala da ciwon yake bari, wadda barci ba ya kore ta, mutane su ɗauka lalaci ne. Ki gaya wa likitansa yadda yake magana, yadda yake barci da cin abinci, domin damuwa tana da magani, kuma mai damuwa ba ya atisaye. In kika taɓa jin ya ce gara ya mutu, kada ki jira ranar komawa asibiti. Amma mutumin da ya faki ido ya miƙa hannu ga tef ɗinsa bai yanke ƙauna ba. Kunyar kasawa a gaban iyalinsa ce take hana shi. Ki bar masa tef ɗin da yadi da maɓallai inda hannunsa zai kai, ki fita ki ja ƙofa. In kin dawo kada ki tambaye shi ko ya gwada. Ki kuma tambaye shi, a matsayinsa na maigida, wane abu ɗaya yake so ya fara yi da kansa. Abin da ya zaɓa shi za a sa gaba, ko da ke da yaron kuna ganin wani ya fi muhimmanci. Ku daina shawara a kansa yana zaune kamar ba ya nan.

Kada hannu ya ɗauke muku hankali daga abin da ya kawo ciwon. Maganin hawan jini da duk wanda aka ba shi na hana jini daskarewa ba a tsallake su, ba a daina su don an ji sauƙi, kuma a riƙa auna jinin. In kika ga baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko wani sabon rauni ya zo farat ɗaya, asibiti nan take, domin allurar narkar da gudan jini galibi cikin awa huɗu da rabi ake yin ta.

Ke kuma, rashin barcin nan ba ƙaramin abu ba ne, mai jinya ma tana kwantawa. Ki bar wa yaron zaman yamma gaba ɗaya, ki fita daga ɗakin ki huta, ki nemi wata cikin dangi da za ta karɓe ki ko yini ɗaya ne a mako, ki kuma auna naki jinin. Ranar da za ku koma gashi ku tafi ku uku, ki riƙe tambayoyinki a takarda: a duba kafaɗar a faɗa muku abin da ya same ta, a nuna wa yaron iyakar inda ake ɗaga hannun, a rubuta muku atisayen gida da adadinsa, a kuma auna ko maigida ya kai a gwada masa safa ko madubi. In an yi wata guda ana haka, ki rubuto mini abin da littafin ya nuna.